Kuɗin Fito a Ƙofar Doha

Jami'in da ya karɓi fasfona a filin jirgin saman Hamad bai yi minti ɗaya a kaina ba. Ya nuna mini kyamara da ɗan yatsa, na ɗaga kai na kalle ta, ya kifa fasfon a kan na'ura, ya buga hatimi, ya turo mini. Kafin in ce na gode idonsa ya koma kan na bayana. Ni kuwa a hammatata akwai jakar leda da na cika da takardu tun daga Kano: izinin shiga kwafi biyu, tikitin komawa, takardar otal, ta inshora, har da rasit ɗin biyan kuɗin biza da na sa aka buga mini mai kala. Ko ɗaya bai nema ba. Sai da na ji kamar in koma in ce masa, “Haba ɗan samari, ko rasit ɗin nan ka duba mana. Kwana goma sha biyu na yi ina fama a kansa.”

Sau uku ina bi ta filin nan ban taɓa taka ƙasar Katar ba. Tun da jirgin Qatar Airways ya fara zuwa Kano a watan Maris na 2022, yana biyowa ta Abuja, Doha ta zama mararraba ga mutanenmu. Mai zuwa Umara nan zai sauka, ɗan Kantin Kwari mai zuwa Chaina sarin kaya nan zai sauka, haka mai raka mara lafiya Indiya. Mu yi awa shida ko takwas a kan kujera, mu yi sallah, a kira mu mu tashi. Birnin kuwa sai dai ta tagar jirgi, fitilu a bakin ruwa. A ƙarshen shekarar ne kuma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza, kamfanin Emirates ya dakatar da jigila saboda kuɗin tikitinsa sun taru a Najeriya babu Dalar da zai kwashe su da ita. Da ƙofar Dubai ta rufe, masu zuwa hutu da masu neman kasuwa suka fara waiwayen Doha. Ni babu haja a gabana. So nake kawai in ga abin da ke bayan gilashin da na daɗe ina leƙe.

Katar ta yafe wa 'yan ƙasashe da dama neman biza tun daga gida, har da Afirka ta Kudu, amma mai koren fasfo ba ya cikinsu. Namu sai ta shafin Hayya. Sunan ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, kalmar nan ce da ladan yake maimaitawa sau huɗu a kiran sallah, wato ku taho. An ƙirƙiri shafin ne don 'yan kallon Gasar Kofin Duniya ta 2022, da gasar ta wuce sai aka mayar da shi ƙofar neman bizar yawon buɗe ido a watan Afrilu na 2023. Ɗan ƙanwata, wanda ya gama jami'a yana jiran bautar ƙasa, shi ya zauna da kwamfuta a falona muka cike. Hoton shafin fasfo, hoton fuska, adireshin masauki, ranar shiga da ta fita. Hoton farko ya dawo saboda inuwar labule ta faɗo mini a kafaɗa, muka fita tsakar gida na jingina da farin bango, na cire hula, aka sake. Kwana kaɗan saƙo ya shigo cewa saura biya. Riyal 100. Akwai kuma inshorar lafiya da suka wajabta wa baƙi tun 1 ga Fabrairu 2023, ita Riyal 50 ce a wata.

Riyal 100 ba wani kuɗi ba ne ga wanda ya iya sayen tikitin Doha. Tun 2001 Katar ta ɗaure kuɗinta da Dala, Riyal 3.64 Dala ɗaya, ba ya gaba ba ya baya, saboda haka abin da ake nema a wurina bai kai Dala 28 ba. A ƙarshen Janairun 2024 Dala ta haura Naira 1,400 a kasuwar canji ta Wapa, ka ce dubu arba'in da ɗan motsi. Na zaro katina na ATM na miƙa wa yaron da isa irin ta mai kuɗi a asusu.

Ya shigar da lambobin, ya danna. Jan rubutu ya fito.

“Kawu, ya ƙi.”

“Sake dubawa, ko ka tsallake lamba.”

Ya sake. Ya kuma ƙi. Ya ce, “Kawu, ai katin Naira ba ya biya a waje yanzu. An fi shekara.”

Na sani, amma sani irin na labarin rediyo, wanda mutum ke ji yana shan koko. Ranar ne ya zo mini har falo. Abin da ke faruwa a cikin daƙiƙun nan da allo yake juyawa shi ne, bankin mai karɓar kuɗi a Doha yana aika tambaya ta hanyar Visa ko Mastercard zuwa bankinka na gida: wannan mutumin naka ne, za ka tsaya masa? In bankinka ya amsa, Naira zai cira a asusunka, amma shi Dala zai biya can. To a 2022 Dala ta yi wa bankunan Najeriya wuya, ga kuma tazara mai faɗi tsakanin farashin gwamnati da na 'yan canji, wadda ta sa duk Dalar da ta fita ta kati tamkar an yi kyautarta ne. Sai suka yi ta rage abin da mutum zai iya kashewa a waje, daga Dala 100 a wata zuwa Dala 20, wadda ko bizar nan ba za ta biya ba, daga baya akasarinsu suka rufe baki ɗaya. Sakin Naira da Babban Banki ya yi a watan Yunin 2023 bai buɗe ƙofar nan take ba. Sai a tsakiyar 2025 aka fara jin bankuna suna sanar da cewa katin Naira ya dawo aiki a waje. Ni tafiyata ta faɗo a tsakiyar rufewar. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Washegari na tafi banki. Yarinyar da ke teburin sauraron koke ta saurare ni har na gama, da ladabinta, sannan ta ce, “Alhaji, sai dai ka buɗe asusun Dala.” Na ce a buɗe. Ta lissafo mini: mutum biyu masu asusu da za su tsaya mini, takardar wuta, hotuna, sannan in je in sayo Dalar da kaina in kawo, sannan a nemi kati, shi kuma katin ya ɗauki kwanakinsa. Na duba kalandar da ke bayanta, na duba ranar tikitina, na yi mata godiya na fito. A bakin ƙofa wani da ya ji maganarmu ya biyo ni, ya ce shi ejan ne, in ba shi fasfo da kuɗi zuwa gobe an gama. Kuɗin da ya ambata ya ninka na bizar sau huɗu. Ba tsadar ce ta kore ni ba, yadda ya riƙa kallon jakar fasfon ne. Na san mutanen da suka miƙa nasu a irin wannan tsayuwar, har yau suna kiran lambar tana kashe.

Dabara ta biyu ta yaron ce. Akwai manhajoji a waya da ke ba mutum katin Dala wanda ba a riƙe shi a hannu, lambobi ne kawai a allo. Ka tura musu Naira, su juya maka ita Dala a farashinsu, wanda kullum ya ɗara na Wapa. Muka zuba Dala 60. Da dare bayan Isha muka zauna, ya shigar da lambobin, ya danna, wannan karon babu jan rubutu. Wani ɗan zobe ya fara juyawa a tsakiyar allo. Muka zuba masa ido. Yana juyawa, fanka tana juyawa, ɗan sabis ɗin da ke wayar da muka jona yana hawa yana sauka. Minti ɗaya, minti biyu. Wayar yaron ta yi ƙara, alat ya shigo, an cire kuɗi. Zoben bai tsaya ba.

A nan na yi abin da har yanzu in na tuna nake jin kunya. Yaron ya ce, “Kawu, mu jira.” Ni kuwa na miƙa hannu ta kan kafaɗarsa na sabunta shafin, na ga har yanzu yana cewa saura biya, na ce ya sake. Ya dube ni, ya ga ba wasa a fuskata, ya sake. Alat na biyu ya shigo. Dala 55 ta tafi, rasit babu, izini babu. Garin neman gira.

Daga baya na fahimci kuɗin ba su isa Doha ba, ba su kuma dawo Kano ba. Idan aka fara ciniki da kati, ana riƙe kuɗin ne tukuna a gefe, sai ɓangarorin biyu sun gama tabbatar wa juna sannan a sake su. In magana ta yanke a tsakani, ko sabis ya ɗauke, ko matakin tantance mai kati bai kammala ba, sai su zauna a rataye har wa'adi ya cika su komo da kansu. Masu manhajar suka amsa mana da saƙo mai daɗin baki cewa mu yi haƙuri kwana bakwai zuwa goma sha huɗu na aiki. Jirgina kuwa saura kwana takwas.

Daren nan ban yi barcin kirki ba, kuma abin da ya riƙa zuwa mini shi ne fatake. Kakanninmu da suke zuwa Gwanja sayen goro, in ayari ya iso bakin Kwara akwai kuɗin fito. Madugu ya yi ciniki da masu jirgin ruwa, a ƙirga wuri, a tsallakar da mutane da jakuna. Alhazan ƙasa da suka bi ta Chadi zuwa Sudan, wasu sai sun yi shekaru suna aikin auduga a Jazira kafin su tara na tsallaka Bahar Maliya, wasu ma can suka zauna, ga garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu shaida. Duk wahalarsu ta neman kuɗin ce. In sun samu, sun wuce. Ni ga kuɗin a hannu, mai fito yana tsaye yana cewa taho, amma wurin nawa ba ya shiga ƙwaryarsa.

Maganin ya zo daga inda ban nema ba. Bayan sallar Asuba ina ba maƙwabcina labari a ƙofar masallaci, wani dattijo da ke ɗaura takalmi ya ɗago ya ce, “Alhaji, Doha ka ce? Ai ɗan gidan marigayi mai gyaran rediyo can yake aikin gadi, shekara uku ke nan.” Kafin hantsi an samo mini lambarsa a wurin mahaifiyarsa. Katar tana gabanmu da awa biyu, na same shi ya sauko daga aikin dare. Yaron da na sani yana tallan ƙosai da safe kafin makaranta, yanzu murya ta buɗe.

“Baba, ina wuni, ya su Hajiya? Wannan ai ba komai ba ne. Turo mini bayanan shigar.”

Na ɗan yi jim. Bayanan shiga shafin nan su ne fasfona da hotona da ranar haihuwata, abin da na hana ejan jiya. Amma wannan na san ɗakin da aka haife shi, na halarci jana'izar ubansa. Na tura. Ban ƙarasa shayin da ke gabana ba imel ya shigo, an karɓi kuɗi. Da katinsa na bankin can ya biya, bizar da inshorar duka, Riyal 150.

“To ɗana, yaya zan yi in ba ka?”

“Baba, kada ka turo ko'ina. Ka ba Umma Nairar kawai, dama ƙarshen wata zan aika mata.”

Da yamma na je gidan da kaina, aka yi mini iso, na gaishe ta daga bakin ƙofa, na ajiye kuɗin a kan tabarma da ɗan abin goro a kai. Babu Dalar da ta motsa. Riyal ya zauna a Doha, Naira ta zauna a Kano, an biya kowa. Wannan ciniki ya girmi banki a ƙasar Hausa. Haka fatoma yake yi wa baƙo a zangon Kumasi ko Sabon Ibadan, ya sauke shi, ya tsaya masa, ya ajiye masa kuɗi, a yi lissafi daga baya. Abin dariya, shi kansa shafin Hayya ya san da wannan, domin wanda zai sauka a gidan ɗan'uwa ko aboki, mai gidan ne yake shiga ya yi masa rajista a matsayin baƙonsa. Da ɗan gari akan ci gari, ko da garin na gilashi ne.

Ba na so in yi wa abin kwalliya fiye da kima. Na yi sa'a ne akwai ɗan unguwarmu a can. Wanda ba shi da kowa fa? Shi ne abincin mai tsayuwa a ƙofar banki.

Na sauka Doha kwana biyu bayan Najeriya ta sha kashi 2 da 1 a hannun Kwaddibuwa a wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Abijan. Su kuma masu gari kwana ɗaya kafin namu suka doke Jodan 3 da 1 a filin Lusail suka riƙe Kofin Asiya, tutocinsu masu ruwan jinin kare da fari na nan ko'ina. Wani ma'aikaci ɗan Yuganda a wurin ɗaukar kaya ya hango koren fasfona ya dafe ƙirji ya yi mini jaje yana dariya. Filin an buɗe shi a 2014, sunan tsohon sarki Hamad bin Khalifa Al Thani aka sa masa, kuma wani babban ɓangarensa a kan teku yake, cike ruwan aka yi da yashi. Daga cikinsa jirgin ƙasa yake tashi, Riyal 2 ya kai ni tsakiyar gari. Wannan na biya da tsabar da na canzo a Wapa, ina jin daɗin ganin kuɗi suna barin hannuna suna isa inda aka aike su.

Kwana shida na yi. Na ga gidan tarihin fasahar Musulunci da I. M. Pei ya zana a bakin ruwa, na yi yawo a Suƙ Waƙif har ƙafata ta gaji, na tsaya a layin masu sayar da shaho, tsuntsaye jere a kan turaku an rufe musu ido da 'yar hular fata, ga asibitinsu na kansu a gefe. Amma zaman da ya fi tsaya mini shi ne na ranar Juma'a, ranar hutun yaron nan ɗan unguwarmu. Ya zo da jallabiya a goge, ya rusuna har ƙasa a tsakiyar kasuwa, Larabawa na kallo. Muka sami benci ya sayo mana karak, shayin nan nasu mai kauri da madara da kayan ƙamshi, a ɗan kofin takarda. Ban tambaye shi albashinsa ba. Na dai san mafi ƙarancin albashi a ƙasar tun 2021 Riyal 1,000 ne a wata, ban da na abinci da masauki, kuma masu gadi ba su cika nisa da nan ba. Na auna Riyal 150 a kan wannan, kuɗin da ya fitar kafin in gama shayi, bai ce in rantse ba. Hira kuwa duk ta gida ce. Nawa ake sayar da kwanon shinkafa, wa ya yi aure, an gyara kwalbatin bakin layi? Da za mu rabu ya miƙo mini ƙullin leda, dabino da turare da wata 'yar waya a kwali. “Baba, don Allah a ba Umma. Wayar a ce wa ƙanina ya sa mata layi.”

Ranar komawa na isa filin da wuri da gangan. Bayan an wuce bincike, a tsakiyar babban zauren da shaguna suka kewaye, nan ƙatuwar 'yar tsanar nan take zaune, mai siffar dabbar beyar, ruwan ɗorawa, kanta a cikin fitilar tebur. Tsayinta ya kai mita 7, kuma duk da kamar ka taɓa ka ji laushi, da tagulla aka ƙera ta. Aikin Urs Fischer ne, ɗan Suwizalan, an saye ta a gwanjo a New York a 2011 a kan Dala miliyan 6.8. Sau uku ina wuce ta ina ɗaukar hoto kamar kowa. Wannan karon zama na yi a gabanta na buɗe kalkuletar waya, na raba kuɗinta da na biza. Ta biya wa mutum kusan dubu 250. Can gaba akwai lambun da suka buɗe a Nuwamban 2022, itatuwa sama da 300 a ƙarƙashin rufin gilashi, da ƙarar ruwa, da sanyi. A bakinsa na tarar da mutanenmu, an ci karo daga jirage daban-daban ana jiran na gida. Hajiyoyi sun baje mayafi sun miƙe ƙafa, wasu 'yan kasuwa biyu suna musu a kan kuɗin kwantena, wani ya ɗora hularsa a fuska yana minshari. Na yi sallama na zauna. Da suka ji daga cikin gari na fito, tambayar farko ba ta shaho ba ce ko gidan tarihi. “Alhaji, da wane kati ka biya?”

Ina cikin ba su labari wayata ta yi ƙara. Ɗan ƙanwata ne, ya turo hoton allo: Dala 55 ta dawo, bayan kimanin mako biyu. A ƙasa ya rubuta cewa Kawu ai ka ci riba, Dala ta ƙara tashi tun ranar. Na nuna wa 'yan kasuwar, ɗaya ya ce da ya sani da tasa ma ta maƙale.

Kafin tafiya ɗan ƙanwata ya riga ya ɗora mini katin Dalar nan a wayata, ya nuna mini yadda ake karawa a na'ura. Na tashi na nufi wani ɗan shagon shayi, na ce a ba ni kofi huɗu. Yarinyar ta juyo da na'urar, na kara wayar ina karanta abin da ya sawwaƙa a zuci. Ta yi ɗan ƙara, koren haske ya kama. Na ɗauko tiren da hannu biyu, ƙullin Umma a rataye a gwiwar hannuna, ina tafiya a hankali kada ya zube, daidai lokacin da aka fara kiran masu zuwa Abuja da Kano.